Yadda ake sake ma tsohuwar sandar fatsa fenti ba tare da an kashe ta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar fatsa. Tun ranar da na tahi tabkin Madarunfa da sandata koriya mutane ke tare ni da tambaya, wai a wane shago na saye ta kuma nawa. Toh ba sabuwa bace wallahi, tsohuwa ce na tsinta cikin kayan gwanjo a babbar kasuwar Maradi, fentinta duk ya ɓaɓɓare, zobba biyu cikin waɗanda zaren fatsa ke bi ta ciki sun yi tsatsa, mai kayan ma bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ni na kankare ta na sake mata fenti na ɗaura zobba da hannuna, kuma shi ne nake son in bayyana yadda ake yi dalla dalla, don na ga yara da yawa suna sayen bom ɗin fenti, wato gwangwanin feshi, su fesa ma sanda haka nan kan datti, bayan sati biyu fentin ya fara saɓulewa kamar fatar maciji.

Kafin komai ku riƙe wannan a ka, sandar fatsa ta zamani bututu ce mai rami a ciki, kuma kaurin bangonta wajen tsini bai wuce na takarda 'yan ƙwarori ba. Ƙarfinta duk yana cikin zaruruwan da anka nannaɗe anka haɗe da wani irin gam a masana'anta. Fenti riga ce kawai a saman wannan jikin. In wajen cire tsohuwar rigar ka ci jikin, toh ka gama da sandar ko da ka yi mata fentin da ya fi na motar ango kyau. Ni da kaina na yi wannan kuskuren a sandata ta farko, na samu sanfefa mai lamba 120 irin ta kafintoci na dirje ta son raina har baƙar ƙura ta cika mini hannu ina jin daɗi wai aiki na tahiya da sauri, na yi fenti ya yi kyau, ranar farko a bakin ruwa wata tarwaɗa da ba ta ma kai kilo biyu ba ta ja, sai ji na yi ƙas, sandar ta karye daidai ƙasan zobe na uku. Har yau in na tuna abin yana yi mini ciwo don sanda ce mai kyau.

Toh fara da sanin irin sandar da ke hannunka. Akwai ta fiba, wato zaren gilashi, tana da nauyi da kauri kuma tana lanƙwasa a hankali tun daga tsakiya, in ka kankari wani ɗan wuri kusa da mariƙi za ka ga cikin fari fari ko ruwan ɗorawa. Wannan tana da haƙuri, da ita ya kamata mai koyo ya fara. Akwai ta karbon, ba nauyi, cikinta baƙi ne ko toka mai duhu, in ka ƙwanƙwasa da farce tana ƙara siririya, ita ce mai tsada kuma ita ce ba ta yafe kuskure. Wasu kuma haɗi ne na biyun. Sai waccan da ta fi yawa a kasuwanninmu, mai shiga cikin juna kamar eriyar rediyo, ita kam shawarata kar ka yi ma gaɓoɓinta fenti sam, don ko ɗan kauri ya ƙaru ba za su sake shiga juna daidai ba, in ma sun shiga gogayya za ta kankare fentin cikin kwana biyu. In dole ne sai ka yi ma babbar gaɓa ta waje kaɗai.

Sannan ka duba ko sandar ta cancanci wahalar. Haɗa ta, ka dafa tsininta a hankali jikin rufin ɗaki ko ka sa yaro ya riƙe, ka lanƙwasa kaɗan kana saurare, in ka ji ƙas ƙas kamar ana taka busasshen kara akwai tsagewa a ciki. Ka samu auduga ka shafa tun daga sama har ƙasa, duk inda ta maƙale ka tsaya ka duba da kyau a cikin rana. Bakin mahaɗa ma ka duba, nan ne ake yawan samun tsagewa a tsaye. Ƙarzanewar fenti ba komai bane, amma tsagewar da ta shiga jiki fenti ba ya maganinta, rufe ta kawai zai yi ta jira ka a bakin ruwa.

Kayan aiki ba su da yawa kuma kusan duka akwai su a kankaleri da wajen masu sayar da fentin mota: reza sabuwa guda uku ko huɗu, sanfefar ruwa mai lamba 400 da 600 da 1000, sikoc na takarda irin na masu fenti, alkol na farmasi, tsumma mai tsabta marar gashi, filaya, birke na kunna wuta, igiya, bom na share fage, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, da na launi da na ƙyalli, sai zaren nailan da efoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake haɗawa, na ɗaurin zobba. Sanfefa ka tabbatar ta ruwa ce, baƙar nan ta masu gyaran jikin mota, ba ja ta katako ba.

Kar ka cire zobe ko ɗaya sai ka auna. Ɗauki mita ka auna daga tsini zuwa kowane zobe ka rubuta a takarda da santimeta, ka ɗauki hoto da waya kuma, don da zarar ka kankare fenti alamar wurinsu ta ɓace ke nan, kuma tazarar nan ba da ka anka yi ta ba, ita ke raba nauyin kifi a jikin sandar. Zobban ka jera su bi da bi jikin sikoc ka manna a kwali don kar su cakuɗe.

Zoben tsini shi ake fara cirewa. Yawanci da gam mai narkewa anka manna shi, sai ka riƙe shi da filaya ka kanga wutar birke jikin ɗan bututun ƙarfen daƙiƙa biyu ko uku, ka ja shi a miƙe kar ka murɗa. Bai fito ba ka bari ya huce ka sake. Kar ka ce bari in ƙara wuta, tsinin sanda siriri ne, zafi kaɗan ke narkar da gam ɗin da ya riƙe zaruruwan sai ka ga ya lanƙwashe kamar taliya. Sauran zobban kuma zare ne ya ɗaure ƙafafunsu aka zuba efoksi a sama. Ka ɗan ɗumama efoksin, na'urar busar da gashi ta fi birke aminci in akwai kuran, sannan ka ɗora reza a saman ƙafar zoben, kan ƙarfen, ka yanka zaren kana bin ƙarfen har ƙarshensa. Kun ga dabarar ke nan, reza tana tahiya kan ƙarfe ba kan jikin sanda ba. In zoben ya fita sai ka kama bakin zaren da farce ka warware, sau da yawa zai taho da efoksin gaba ɗaya kamar ɓawon gyaɗa. Abin da ya rage ka ɗumama ka ture da farce ko tsohon katin roba.

Mariƙi da mazaunin muline, wato abin naɗe zaren fatsa, in lafiyarsu lau ka bar su inda suke, ka naɗe su da jarida ka ɗaure da sikoc. Cire su wani aiki ne daban kuma yawanci sai an lalata su. Sai mahaɗa, wurin da gaɓa ke shiga cikin gaɓa, ka haɗa sandar ka sa alama inda ta tsaya sannan ka rufe duk wurin da ke shiga ciki da sikoc ka ƙara kamar rabin santimeta, ramin ɗaya gaɓar kuma ka toshe da takarda. Nan ba a kankarewa ba a fenti, in ka kankare za ta yi sako sako tana ficewa wajen jifa, in ka yi fenti ta ƙi shiga ko ta shiga ta ƙi fita. Tsinin ma ka rufe daidai tsawon bututun zoben da ka cire.

Yanzu mun zo inda aikin yake, kuma nan ne nake so ku natsu. In tsohon fentin yana nan daram, ƙyallinsa kawai ya mutu da 'yan ƙarce ƙarce, ba sai ka cire shi ba, ka goge da alkol sannan ka bi shi da sanfefa 600 da ruwa har ƙyallin ya ɓace ko ina ya zama dishi dishi, shi ke nan ya isa sabon fenti ya kama. In kuwa yana ɓarewa sai an cire shi duka. Yadda nake yi, in zauna kan tabarma in ɗora sandar a cinya, in riƙe reza a tsaye cak kan sandar, ba a kwance kamar mai fere rake ba, a tsaye, in riƙa jan ta a hankali tsawon tafin hannu ina juya sandar da ɗaya hannun. Fentin zai riƙa fitowa kamar garin alli mai launi. Idonka na kan launin garin nan: muddin launin fentin ne kana kan hanya, da ka ga ya koma baƙi a sandar karbon, ko fari mai walƙiya a ta fiba, tsaya, ka iso jiki. Kar ka danna, nauyin hannu ya isa, kuma reza ta dakushe ka canza don dakusasshiyar reza ita ke sa mutum dannawa. Wajen tsini, kamar santimeta 30 na ƙarshe, ni ba na sa reza sam, sanfefa 600 da ruwa kawai nake naɗawa a yatsu biyu ina ja a hankali, kuma a shimfiɗe kan tebur don kar ya karye a hannu.

Aikin nan yana cin awa biyu zuwa uku a sanda mai gaɓa biyu, wani lokaci fiye. Ka dafa shayi ka sa rediyo, in ka gaji ka ajiye sai gobe. Wasu sandunan in ka kankare za ka ga jikinsu da ɗan zane zagaye zagaye kamar an naɗa zare, daga masana'anta yake, kar ka ce sai ka goge shi ya yi sumul, jikin sandar ne kake ci. Wasu za su ce maka ka zuba maganin cire fenti mai ƙarfi ko ka jiƙa ta da diliyan ko asetan ka huta, ni ban yarda ba, abin da ke narkar da fenti yana iya taɓa gam ɗin da ya riƙe zaruruwan, kuma ɓarnar ba ta nunawa a ido. Kurar fiba kuma ƙaiƙayi gare ta kamar ƙaiƙayin gero ranar sussuka, kuma ba ta da kyau a huhu, shi ya sa nake cewa a yi da ruwa, a rufe hanci, a kori yara daga wurin.

Ka gama kankara sai ka bi ta da 400 sau ɗaya sama sama don share ragowar, ka bi da 600, ka wanke da ruwa da ɗan sabulun wanke kwanuka ka ɗauraye sosai. Ga gwajin da wani mai fentin mota ya koya mini: ka zuba ruwa a jikin sandar ka duba, in ruwan ya kwanta ya lulluɓe ta bai ɗaya toh ta yi tsabta, in ya tattaru ɗigo ɗigo akwai maiƙo a wurin, ka sake gogewa. Ka bar ta ta bushe a inuwa kwana guda, ruwa na shiga ramin ciki ba ka sani ba. Daga nan kar ka sake taɓa jikinta da hannu, ta wurin sikoc za ka riƙa ɗauka, zufar yatsa kaɗai ta isa ta hana fenti kamawa.

Maganar lokaci kuma, mu nan Maradi yanayi shi ne rabin aikin. Cikin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce a iska ko ba ka gan ta ba, ka fesa fenti ka juya baya ka dawo ka tarar da shi kamar an barbaɗa gishiri. Bazara, Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40, fentin na bushewa a iska tun bai kai jikin sanda ba sai ya sauka gurza gurza. Damina kuma laima ke sa na ƙyalli ya yi hazo fari. Ni na fi son kaka, Oktoba da Nuwamba, da safe bayan rana ta ɗan ɗaga kafin iska ta taso. In ba za ka iya jira ba ka yi cikin ɗakin da ba a kwana ciki, ka share tun jiya, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, taga a buɗe ta gefen da iska ba ta bugowa. Bayan feshi ni tsohon gidan sauro nake saukewa a kan sandunan, yana tare ƙwari da manyan ƙura amma iska na wucewa. Kar ka yi da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki, ƙwari za su zo su manne. Kuma nesa da murhu da gas da mai shan taba, abin da ke cikin gwangwanin nan wuta yake kamawa.

Fentin da za ka saya, ka tuna sanda lanƙwasa take yi sau ɗari a rana, don haka fentin mai irin na ƙofa da taga ba nata bane, yana da kauri yana daɗewa bai bushe ba kuma daga baya ya tsattsage. Bom na mota shi ya fi, kuma ka yi ƙoƙari share fage da launi da ƙyalli su zama na kamfani ɗaya, don wani fentin in ya hau wani sai ya tattare kamar fatar tsohuwar jaka. Ko na kamfani ɗaya ne ka gwada tukuna a guntun tiyo na roba ko karyayyar sanda, ka yi duk matakan a kai, bayan kwana uku ka lanƙwasa ka manna sikoc ka fizge ka gani. Launi kuma ra'ayi ne, amma baƙi yana shan rana sosai a bakin ruwa har ya ƙona hannu, fari da rawaya kuma sai an yi shafi da yawa kafin su rufe baƙin karbon, shafi da yawa kuwa nauyi ne. Shi ya sa na zaɓi kore mai duhu, shafi biyu ya rufe. Tsini kaɗai nake ma fari kamar tsawon ɗani guda don in ga motsinsa da almuru in kifi ya taɓa.

Nauyin nan da nake ta faɗi ba wasa bane. Kafin ka fara aikin ka girgiza sandar ka ga yadda tsininta ke tsayawa da sauri, in ka lafta mata fenti mai kauri za ka ga tana ta rawa ba ta tsayawa, jifa ya rage nisa, kuma ɗan taɓin da karfasa ke yi ma ƙugiya ba za ka ji shi a hannu ba. Don haka kowane shafi siriri, wajen tsini ma ya fi siranta.

Rataye kowace gaɓa a tsaye da igiya daga azara ko ƙusa, ka ɗaura ɗan dutse ko guntun ƙarfe a ƙasa ta wurin sikoc don kar iskar feshi ta riƙa kaɗa ta. Girgiza gwangwani minti biyu cikakku bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki. Da sanyin hunturu ka tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi ɗumi minti biyat, amma kar ka ajiye a rana ko kusa da wuta, a jikinsa ma an rubuta kar ya wuce digiri 50. Tazara tsakanin bakin bom da sanda kamar santimeta 20 zuwa 25, wato ɗani guda da ɗan ƙari. Ka fara danna feshin a iska sama da sandar, ka sauko da hannu bai ɗaya ba tsayawa har ka wuce ƙarshenta sannan ka saki. Juya sandar kashi ɗaya cikin uku ka sake, ka kuma juyawa ka sake, shafi ɗaya ke nan. Shafin farko na share fage ya zama kamar hazo, kana hango jikin sandar ta ciki, zuciyarka za ta ce ƙara kaɗan nan bai rufe ba, kar ka biye mata, nan ne fenti ke zuba ya yi hawaye. Jira minti 10 zuwa 15 ka yi na biyu. In ya bushe ka shafa da 1000 sama sama in akwai gurza, ka goge ƙurar da busasshen tsumma. Launi ma haka, shafi biyu ko uku sirara. Ka karanta bayan gwangwanin, da yawansu suna cewa a ƙara shafi cikin awa guda ko kuma a jira kwana biyu, tsakanin nan in ka fesa yana tattarewa.

In ya yi hawaye kar ka sa yatsa ko tsumma, ka bar shi kwana biyu ya ƙafe, ka naɗa sanfefa 1000 jikin ɗan katako ka goge tudun kaɗai da ruwa sannan ka fesa siriri a wurin. Mai son rubuta sunansa ko na garinsu a sandar yanzu ne lokacin, bayan launi kafin ƙyalli, da alƙalamin fenti, don tawadar maka na narkewa ta bazu in ƙyalli ya hau ta. Ka bar rubutun ya kwana, kuma shafin farko a kansa ya zama hazo daga nesa.

Ƙyalli shi ke kare launi daga rana da ƙarce. Na bom yana yi, shafi biyu, amma gaskiya wanda ya fi shi ne na masu fentin mota mai haɗi biyu da ake zuba ma maganin ƙarfi. Ni abin da nake yi in kai sandunan garaji ranar da za su fesa ma wata mota ƙyalli. Ranar farko da na je maigidan ya kalle ni ya ce, malam wannan kuma sandar makiyayi ce ko ta me? Na ce maigida ta kamun kifi ce, a taimaka a yi mata shafi ɗaya siriri in an gama da motar, kuma in akwai maganin nan da kuke sa ma fentin bamba ta roba don kar ya tsage a ɗiga mata. Ya yi dariya ya ce kawo, da ragowar cikin bindiga ma ya isa. Minti biyu ya gama. In za ka yi mai haɗi biyun da kanka ka sani tururinsa guba ne ga huhu, takunkumin ƙyalle ko rawani ba ya tare shi, sai abin rufe hanci mai matata irin nasu, don haka bar ma masu sana'ar ya fi.

Sai jira, kuma nan mutane ke faɗuwa. Fenti na bushewa a taɓa cikin awa guda amma cikinsa ɗanye ne. Ka bar sandar a rataye a inuwa sati guda cur, na bom ma in ka kai kwana goma ya fi. Kar ka shanya a rana wai ya yi sauri, sama zai ƙafe ya kulle na ciki. Gwaji shi ne ka danna farce a wurin da zare zai rufe, in ya bar shaida ko kana jin warin fenti in ka kai hanci toh da saura. In ka ɗaura zobe kan ɗanyen fenti zaren zai nutse ciki ya tura fentin gefe. Sikoc kuma ka bi bakinsa da reza a hankali, kan fentin kaɗai, kafin ka ɓare don kar ya taho da fentin.

Ɗaurin zobba darasi ne mai zaman kansa amma bari in taƙaita yadda za ka kammala. Duba kowane zobe da auduga ta cikin idonsa, wanda ya tsage zai riƙa cin zaren fatsa, canza shi. Ƙarshen ƙafar ka goge da zarto ya yi siriri don zare ya hau ba tsalle, ka shafe kaifin ƙasan don kar ya yanki sabon fenti. Kwali ka yanka ma baki biyu kamar harafin V ka ɗora sandar, ƙwaryar zaren cikin kofi, zaren ya bi ta tsakiyar littafi mai kauri don ya yi tauri daidai. Zaren nailan ake so, na auduga gashi gare shi, na surfanin keke kuma wani yana da santsin da efoksi ke gudu daga kansa. Ka maida zobe wurinsa bisa awon da ka rubuta, ka riƙe da siririn sikoc, ka fara naɗi daga jikin sanda ka hau kan ƙafar, zare kusa da zare ba rata. Saura naɗi shida ko takwas ka kwantar da wani guntun zare ninki biyu, ka naɗe a kansa, ka yanke zaren ka zura bakinsa cikin madaukin ka ja ya shige ƙarƙashi, ka yanke ragowar da sabuwar reza. Tauri ya zama daidai yadda za ka iya ɗan gyara zoben da yatsa, sai ka sa muline ka hango ta cikin zobban kamar mai auna bindiga ka daidaita su layi ɗaya. Zoben tsini da gam mai narkewa za ka maida shi, ka yanka 'yan siraran gam ka cusa a bututun ka ɗumama bututun ba sandar ba ka tura, kar ka sa gam mai kamawa nan take don ranar da zoben ya lalace zai yi wuyar ciruwa.

Efoksi ka nemi mai jinkirin bushewa, mai minti biyat ɗin nan yana ƙafewa kafin ya shiga zare kuma rana na maida shi rawaya. Ka auna ruwansa biyu daidai wa daida da sirinji biyu, ka juya a hankali minti uku don kar kumfa ya shiga, ka shafa siriri da ɗan buroshi kana juya sandar, ya ɗan wuce bakin zaren kaɗan. Daga nan sai zaman juyi, rabin juyi duk minti biyat a farko, daga baya duk minti 15, har awa biyu ko uku sai ya daina gangarowa, in ka tashi ka bar shi zai taru a ƙasa ya yi tumbi. Ragowar efoksin cikin kofin da ka haɗa shi za ka riƙa taɓawa don sanin ko ya ƙafe, ba na jikin sanda ba. Zaren zai yi duhu in efoksi ya shige shi, kar ka tsorata haka yake.

Bayan kwana uku ka zura zaren fatsa ta zobban ka ɗaura gorar ruwa ta lita ɗaya in sandar matsakaiciya ce, ƙaramar sanda kuma rabin lita, ka ɗaga a hankali kar ka miƙe sandar tsaye sama, ka sa wani ya duba jikin fentin da bakin ɗaurin ko akwai tsaga. Ka yi gwajin nesa da wayoyin kuran, karbon yana ɗaukar lantarki, haka in hadari ya taso ana walƙiya a bakin ruwa ka kwantar da ita ƙasa ka nemi mafaka. Ka kai ma tela yadi ya ɗinka maka jaka mai aljihu biyu, kowace gaɓa da nata, don yawancin ƙarcen da ke jikin sandunanmu ba kifi ke yin shi ba, ɗaurin bayan moto ne da roba kan hanyar Madarunfa. Tawa koriyar damina biyu ke nan tana shiga ruwa, inda kawai fentin ya taɓu shi ne ƙasan zobe na farko wurin da nake maƙala ƙugiya, shi ma bana na naɗa masa zare na zuba efoksi a kai.